Yadda ake canza famfon ruwan mota tare da bel ɗin taimin

Duk wanda ya taɓa kwance gaban inji don ya kai ga bel ɗin taimin, wato bel mai haƙora da ke haɗa juyin karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) da na kamshaf (sandar da ke buɗe bawul), ya san ba aikin minti goma ba ne. Sai ka cire taya, ka cire fambel, wani lokaci ka tallabi injin da jak ka kwance kujerarsa, sannan ka yi fama da babban notin fulin karanshaf kafin murfin taimin ya buɗe maka. A motoci da yawa famfon ruwa, wanda makanikai ke kira wata-famfo, yana nan a bayan wannan murfin, kuma bel ɗin taimin ne ke juya shi. Shi ya sa ra'ayina ɗaya ne a kan wannan magana: idan ka buɗe wurin, ka canza su tare. Kada ka ɗora sabon bel a kan tsohon famfo.

A kan motata na koyi haka. Na canza bel, na leƙa famfon na ga babu yoyo, na juya shi da hannu na ji shi sumul, sai na bar shi. Ba a yi wata biyar ba na fara tarar da ɗigon ruwa ƙarƙashin gaban injin duk safiya. Da na buɗe murfin sai ga wani busasshen gari fari-fari mai ratsin ja ya bi gefen famfon ya sauko, kuma sabon bel ɗin ya jiƙe. Haka na sake kwance komai daga farko, bel ɗin da bai yi rabin shekara ba na jefar da shi. Abin da ya faru shi ne, boris ɗin tsohon famfo ya saba da tsohon bel da ya saki. Da sabon bel ya zo da ƙarfinsa ya ja shi, sai sandar famfon ta fara rawa, abin da ke tare ruwa a ciki ya sake.

Yoyo ma sauƙi ne. Idan boris ɗin ya cije gaba ɗaya, famfon zai tsaya cak, ya ci haƙoran bel ko ya tsinka shi. A yawancin injinan zamani fistin da bawul suna amfani da fili ɗaya a cikin silinda, lokaci ne kawai ke raba su. Da zarar bel ya tsinke, kamshaf ya tsaya, wasu bawul suna buɗe, fistin kuma na ci gaba da hawa, sai ya doke su ya lanƙwasa. Daga nan maganar ta tashi daga canjin famfo ta koma kwance kan inji.

Ka fara tabbatar da irin injinka

Ba kowace mota wannan bayanin ya shafa ba. Wasu injinan sarƙa ce ke riƙe musu taimin, kamar 1ZZ-FE na Corolla da 2AZ-FE na Camry mai lita 2.4, kuma famfonsu fambel ne ke juya shi daga waje. Waɗanda bel ɗin taimin ke juya famfonsu sun haɗa da 5S-FE mai lita 2.2 da 1MZ-FE mai silinda shida na Toyota, da J35 na Honda, da EJ25 na Subaru, da yawancin 1.9 TDI na Volkswagen, da K4M na Renault, da yawancin injinan Peugeot 406. Akwai kuma sababbin injina irin su wasu nau'o'in 1.0 EcoBoost na Ford da 1.2 PureTech na Peugeot waɗanda bel ɗinsu a cikin baƙin mai yake gudu. Su aikinsu daban ne, ba shi nake nufi a nan ba.

Lokacin canji ya danganta da mota. Galibi yana faɗawa tsakanin kilomita 90,000 zuwa 170,000, ko shekara biyar zuwa bakwai, duk wanda ya riga zuwa. Honda ta sa wa J35 mil 105,000 ko shekara bakwai, Toyota kuma mil 90,000 ga 1MZ-FE. Shekarun nan ba ado ba ne, domin roba na tsufa ko motar a ajiye take. Idan ka sayi mota ba ka da wata shaida ta lokacin da aka canza bel ɗinta, ka ɗauka ba a canza ba.

Abin da za ka tanada

Ka sayi kayan a haɗe: bel, famfo da gasket ɗinsa ko zoben robarsa, tenshina (abin da ke ɗaure bel ya miƙe), da ƙananan fulin da bel ke bi ta kansu. Kamfanoni irin su Aisin, Gates, Dayco, SKF, INA da Continental suna sayar da su a kwali ɗaya. Araha ba ta ado, musamman a famfo, domin ɗan boris ɗin da ke cikinsa ne ke ɗauke da lafiyar injin duka. Idan ka samu dama ka haɗa da tamostat da oyil sil na kamshaf da na karanshaf, ko da ba lalle ka sa su ba. Wasu injinan kuma suna bukatar sabon notin karanshaf, saboda tsohon ya miƙe tun ɗaurin farko.

Kayan aiki: soket da sifana, doguwar sandar kwance noti, sifanan da ke auna ƙarfin ɗauri, jak da matokaran ƙarfe, kwanon tarar ruwa, farin fenti ko alƙalamin fenti, tsumma mai tsabta, da ƙarfen riƙe fulin karanshaf. Sai littafin gyaran wannan injin ɗin takamaimai, wanda shi ne zai ba ka wurin alamomi da ƙarfin kowane noti. Idan littafin ya ce injin na bukatar fil-fil na kulle kamshaf da karanshaf, ka nemo su kafin ka taɓa komai. K4M misali ne: giyar karanshaf ɗinsa ba ta da ɗan makullin da ke riƙe ta a wuri ɗaya, matsin noti ne kawai ke riƙe ta, don haka kana sassauta notin taimin ya tafi. In ba ka da kayan kulle shi, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kwancewa

Injin ya huce sarai, gara ma ya kwana. Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birkin hannu, ka sa wa tayoyin baya waigi, ka cire wayar batir ta ɓangaren negatif. Ka ɗaga gaban, ka ɗora motar a kan matokarai. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne ga mutumin da zai cusa kai da hannu ƙarƙashin mota. Ka cire tayar ɓangaren da bel yake da robar da ke bayanta.

Ka buɗe murfin lagireto, ka kwance magudanar ƙasa, ruwan ya zuba a kwano. Ruwan sanyaya inji yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne, yana lalata ƙoda. Kada ka bar shi a buɗe inda yaro ko dabba za su kai gare shi. Ka juye shi a jarka mai murfi nan take.

Kafin ka cire fambel ka ɗauki hoton yadda ya zagaya. Ka riƙa ɗaukar hoto a kowane mataki, notocin kowane ɓangare kuma ka ware su daban. Idan kujerar inji ta tare hanya, ka sa jak ƙarƙashin kaskon baƙin mai da faffaɗan katako a tsakani, ka ɗan ɗaga har nauyin ya sauka daga kan kujerar, sannan ka kwance ta.

Babban notin fulin karanshaf shi ke karya gwiwar mutane. A wasu injinan Honda ɗaurinsa ya kai Nm 245 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), kuma bayan shekaru na zafi da tsatsa ya fi haka tauri. Ka riƙe fulin da ƙarfen da aka yi domin haka, ka sassauta notin tun tsohon bel na kai. Akwai masu tokare sanda da jikin mota su buga kik don notin ya kwance. Ban yarda da wannan dabarar ba. Sandar na iya fizgewa ta fasa wani abu ko ta ji wa mutum, sannan a tsofaffin injinan Honda masu silinda huɗu, irin su jerin B da D da F da H, injin hagu yake juyawa, saboda haka kik ƙara ɗaure notin zai yi. Haka kuma kada ka dogara da fil-fil na kulle taimin wajen kwance wannan notin. Ba a yi su don ɗaukar wannan ƙarfin ba, lanƙwashewa za su yi ko su karye a ciki.

Alamomin taimin

A nan ne za ka rage sauri. Ka cire murfin sama, ka cire fulogi duka don injin ya yi sauƙin juyawa, ka sa soket a notin karanshaf ka juya shi a hankali ta inda injin ke juyawa idan yana aiki. Abin da kake nema shi ne fistin na silinda ta ɗaya ya hau ƙololuwa a bugun matsi. A daidai nan alamar da ke kan giyar karanshaf za ta fuskanci alamar da ke jikin inji, alamar kowane kamshaf ma ta fuskanci tata. Karanshaf na juyawa sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya. Don haka in ka ga ta ƙasa ta daidaita amma ta sama tana can ɗaya gefen, ka ƙara cikakken juyi ɗaya.

Alamomin ƙanana ne, wani lokaci ɗan tsagi ne ko ɗigo da ƙura da mai suka rufe. Ka goge su, ka shafa musu farin fenti, ka dube su kai tsaye ido da alama, domin kallon karkace na ɓatar da haƙori guda. Ni nakan ƙara nawa: in ja layi daga tsohon bel zuwa haƙorin kowace giya, in ƙirga haƙoran da ke tsakanin layukan, in kwafe su a kan sabon bel. Wannan ƙari ne kawai, alamomin kamfani su ne hukunci. Idan injin na da fil-fil, yanzu ne za ka sa su. A tsofaffin injinan dizal irin 1.9 TDI mai famfon mai da bel ke juyawa, shi ma famfon man yana da nasa wurin kullewa.

Ka cire fulin da murfin ƙasa, ka sassauta tenshina, ka zare bel. Daga wannan lokacin har sabon bel ya hau, kada ka juya karanshaf, kada ka juya kamshaf. Wani kamshaf ɗin yakan zabura da kansa ya ɗan juya saboda matsin sifirin ɗin bawul. In haka ta faru kada hankalinka ya tashi, ka sa sifana ka mayar da shi a hankali ta gajeriyar hanyar da ya bi.

Ka duba tsohon bel kafin ka yar da shi. In akwai mai a jikinsa, wani oyil sil na yoyo, kuma zai lalata sabon ma idan ba ka canza shi ba. In gefe ɗaya ya cinye, wani fuli ya karkace.

Famfon kansa

Ka cire tenshina da ƙananan fulin, sannan ka koma kan famfo. Ko da ka zubar da ruwan lagireto, akwai sauran ruwa mai yawa a cikin jikin injin, kuma kana ɗaga famfon zai kwararo. Ka sa kwano a ƙasa, ka rufe giyar karanshaf da na'urar da ke karanta juyinta da leda ko tsumma.

Notocin famfo sau da yawa tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ka zana siffar famfon a kan kwali, ka huda, ka soka kowane noti a gurbinsa. Dogon noti a gajeren rami yana iya fasa jikin inji, ko ya tsaya kafin ya matse famfon. In famfon ya manne, ka bubbuga shi da gudumar roba. Kada ka cusa sukudireba tsakaninsa da jikin inji, domin ɗan karce a kan alminiyam ya isa ya zama hanyar ruwa har abada.

Ka riƙe tsohon a hannu ka karanta shi. A ƙasansa akwai ɗan rami da aka bari don ruwan da ya tsallake abin tarewa ya fita. Busasshen gari a bakin ramin na nufin ya fara yoyo. Ka kama fulinsa ka girgiza: in ka ji ɗan ƙwas-ƙwas, ko ka juya ka ji kamar yashi a ciki, boris ya tafi. Farfelar famfon da tsatsa ta cinye kuwa shaida ce cewa an daɗe ana zuba wa motar ruwa zalla. Sannan ka jera shi da sabon: ramukan noti, yawan haƙoran fuli, zurfin farfela, duk su zo ɗaya.

Goge mazaunin famfo shi ne aikin da ba a gani amma shi ke hana yoyo. Ka kankare ragowar tsohon gasket da abin kankara na roba, ka kula kada ɓarɓashi ya faɗa cikin ramin ruwa, ka goge har ɗan yatsanka ya bi wurin bai ji tudu ba. Ramukan noti ma ka busar da su, don ruwan da ya kwanta a ciki yana hana noti zama daidai.

In famfon zoben roba gare shi, ka shafa wa zoben ɗan ruwan sanyaya inji don ya zame ya zauna, ban da baƙin mai ko giris. In gasket ne na takarda ko na ƙarfe, yawanci a bushe ake sa shi. Gam ɗin gasket sai inda littafi ya ce, kuma siriri. Na sha ganin famfon da aka lafta wa gam, rarar ta matso ciki ta bushe, ta ɓalle ta je ta toshe ƙananan hanyoyin lagireto da na hita.

Ka sa notocin duka da hannu tukuna, sannan ka ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan gefe sai kishiyarsa, har zagaye biyu ko uku. Ƙananan notoci ne, a injina da yawa ɗaurinsu bai wuce Nm 10 zuwa 12 ba, wanda a hannu za ka ji kamar bai isa ba. Ya isa. Masu ƙara masa “ɗan kaɗan” su ne ke tsinka noti ko su cinye zaren ramin, garin gyaran gira a rasa ido. Wani abin lura: a wasu tsofaffin injinan Opel da Daewoo famfon ne kansa ke ɗaure bel, ana juya jikinsa a cikin mazauninsa, don haka ba a gama ɗaure notocinsa sai bel ya hau.

Kafin bel ya hau, ina son in rufe magudana in zuba ruwa in jira minti kaɗan ina kallon gefen famfon. In akwai abin auna matsin lagireto, ya fi. Gara ka ga ɗigo yanzu da komai ke buɗe.

Ɗora sabon bel

Ka ɗaura sababbin fuli da tenshina da ƙarfin da littafi ya faɗa. Tenshina mai aiki da mai yakan zo da ɗan fil da ke riƙe sandarsa, kada ka zare shi yanzu. In dole ce ta sa za ka mayar da tsohon, ka matse sandarsa sannu a hankali cikin mintuna, yana tsaye, sannan ka soka fil. Matsewa da sauri na lalata shi.

Hannunka ya zama a bushe, babu mai. Kada ka naɗe bel ko ka karya shi, domin zaren da ke cikinsa na karyewa ba tare da ka gani ba. In akwai kibiya a bayansa, ta fuskanci inda injin ke juyawa. Ka fara daga giyar karanshaf, ka bi ta ɓangaren da babu tenshina kana jan sa ya miƙe sosai, ka hau kamshaf, ka bi ta famfo yadda hotonka ya nuna, duk sakin ya taru a wajen tenshina. Ɗan maƙalin shanya ko na takarda zai riƙe maka bel a kan giyar kamshaf kada ya zame. Da hannu ake tura bel, ba a ɗaga shi da ƙarfe.

Ka sake duba alamomi, sannan ka zare fil ɗin tenshina. In irin mai allura ne, ka juya shi har allurar ta zo kan tsagin da aka yi mata, ka ɗaure.

Yanzu ka cire fil-fil na kullewa, ka juya karanshaf da hannu cikakken juyi biyu, a hankali. Tunda fulogi na waje, bai kamata ka ji wani tauri mai yawa ba. In ka ji ya tokare da wani abu mai ƙarfi, ka tsaya nan take, bawul ne ya haɗu da fistin. Kada ka tilasta. Ka ɗan koma baya, ka sauke bel, ka sake daidaitawa. In ya zagaya lafiya, alamomin giya duka su dawo daidai inda suke. Layukan da ke jikin bel ɗin kuwa ba za su dawo wurinsu ba bayan juyi biyu, wannan ba matsala ba ce, na kan giya kake dubawa. Kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya sa mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa rawa, ta kunna fitilar inji. In ka ga haka ka sake, ko sau nawa ne. Ka kuma duba allurar tenshina bayan juyin.

Sai ka mayar da murfi, fuli, babban noti da cikakken ɗaurinsa, kujerar inji, fambel, fulogi, taya da wayar batir.

Ruwa da fitar da iska

Ka zuba irin ruwan sanyaya da aka rubuta wa motar. Launi kaɗai ba ya nuna iri, kuma gauraya iri biyu na iya yin laka a ciki. In mai kauri ka saya, ka haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Ko a inda ba a sanyi ana bukatarsa, don shi ke hana tsatsa cin sabon famfon, yana kuma ɗaga zafin da ruwan zai kai kafin ya tafasa.

Ka zuba a hankali. In injin na da ƙananan notocin fitar da iska, kamar yadda ake samu a Peugeot da Renault, ka buɗe su har ruwa ya fito babu kumfa, sannan ka rufe. Ka murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, ka tayar da injin, ka saurara. Kuka mai kama da fito daga wajen murfin taimin na nuna bel ya ɗaure da yawa, kaɗawa ko bugun murfi kuma na nuna ya saki. Ka bar shi yana aiki kana ƙara ruwa yayin da yake sauka. Tamostat yakan buɗe ne tsakanin digiri 80 da 90, kuma za ka gane ya buɗe idan tiyon lagireto da ya daɗe da sanyi ya ɗau zafi. Ka jira fankar lagireto ta tashi ta tsaya, idonka na kan allurar zafi. Hita mai busa sanyi alhali injin ya yi zafi alama ce ta iskar da ta maƙale, sai ka kashe, ka bari ya huce, ka sake fitar da ita. Kada ka buɗe murfin lagireto injin na da zafi.

Ka ɗan zagaya da motar a kusa, ka dawo ka leƙa ƙarƙashi. Washegari da safe kafin ka tayar, ka duba ruwan ka cika shi zuwa layi, domin yakan ɗan sauka yayin da sauran iska ke fita. Ka ci gaba da dubawa kwana uku ko huɗu, kana shimfiɗa kwali ƙarƙashin gaban injin da dare don ko ɗigo ɗaya ne ka gan shi. Sannan ka rubuta kwanan wata da kilomitar da motar take kai a ɗan lasiƙa, ka manna a kan murfin taimin, ka kuma rubuta cewa an canza famfo da tenshina tare da bel.